Rigar Walƙiya a Jikin Katanga

"Alhamdulillahi, ba shi ba ne."

Sakataren kulob ne ya faɗi haka, hannunsa riƙe da bakin zanen da aka rufe gawar da shi. Ya saki zanen, ya share zufa, ya juya wajen mutanen da suka cika barandar asibitin ya maimaita da ƙarfi. Iya Mai Wanki tana jingine da bango, ƙafarta ɗaya ba takalmi, ta rungume takalman ƙwallon mamacin a ƙirji. Da farko ta ɗauka kunnenta ne. Sai ta ga mai ɗaukar hoto yana dariya, wani ya rungume wani, babban likitan da aka taso daga gida ya soma cire safar hannu.

Kafin ta tattara yawun bakinta, barandar ta watse. Motocin da suka shigo da jiniya suka fita a hankali. Aka bar ta, ita da kocin ƙungiya ta biyu da ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro, da Katanga a kan gadon ƙarfe.

Katanga maƙwabcinta ne, bango ɗaya ya raba ɗakinta da nasu. Ɗan baya ne a ƙungiya ta biyu ta kulob ɗin, wadda ke buga ƙaramin rukuni a wani fili mai tsakuwa bayan tashar mota. Sa'o'insa duk sun daina wasa, shi kulob ya riƙe shi don yaran da ake reno su sami ƙafar da za su koyi karo da ita. Duk ɗan gaban da ya yi suna a garin, a ƙaurin Katanga ya wasa takalminsa. Har Walƙiya, wanda ya ci wa ƙungiyar ƙasa ƙwallon da ta kawo kofi a makon nan, shi ma nan ya taso.

Ita kuwa Iya ita ke wanke rigunan kulob tun gashinta da sauran baƙi. Ta san yadda ake yi. In kakar wasa ta ƙare, sai a ɗinka wa babbar ƙungiya sababbi, tsofaffin a sauko da su ga ƙungiya ta biyu yadda suke, da sunayen masu su a baya, don wai in an ɓamɓare sunan yadin yagewa yake. Katanga faffaɗa ne, babu rigar da ta shige shi sai tsohuwar ta Walƙiya. Har tsokanarsa ake yi, a ce ga Walƙiya ya ƙara ƙiba, shi kuma ya ce ai gudun ne kawai bai zo da rigar ba.

Da yammar nan ta je bakin fili da buhunta tana jiran a tashi ta kwashe wanki. Ba wanda ya taɓa Katanga. Yana ja da baya ne, sai ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya kife da fuska. Filin ba likita, ba motar asibiti, sai bokitin ruwa da soso. A bayan akori-kurar mai kai bulo aka sa shi, rub da ciki yadda aka ɗauko shi, Iya ta hau ta tallafe kansa. Wani ɗan kallo ya ɗauki hoto daga nesa, sunan nan ɓaro-ɓaro a bayan riga. Da ma tun safe ake cewa Walƙiya ya dawo gari kuma zai leƙa tsohon filinsa. Kafin su kai asibiti labarin cewa Walƙiya ne ya faɗi ya riga su. Ita dai ta san tun a kwanar gidan mai, kan Katanga ya yi nauyi a cinyarta.

A ƙasa ta koma gida. Tana shiga layinsu ta tarar da shi tsit, mai aski ya rufe shago, maza sun yi cirko-cirko a kan rediyon mai gyaran babur. Ba wanda ya dube ta.

Matar Katanga tana tsakar gida tana yanka albasa, idonta jajir. Ta tashi ta tari Iya, ta ce ashe haka Allah ya yi da Walƙiya, yaro ƙarami, daga ɗauko kofi sai mutuwa. Ta ce ba ta san yadda za ta yi da maigidanta ba in ya dawo, don shi ya koya wa yaron nan tsayuwa a fili, yau kam ba zai iya cin abinci ba. Iya ta ƙara matse takalman a ƙirji.

Sai layin ya ɗauki ihu. Rediyo ya ce a kwantar da hankali, Walƙiya na nan lafiya, barci yake a gidan yayarsa ya kashe waya. Wanda abin ya faru da shi wani ne daga ƙungiya ta biyu. Daga nan aka saki kiɗa. Babura suka hau hon, mata suka yi guɗa ta kan katanga. Matar ta dafe ƙirji ta yi dariya, hawayen farko bai ma bushe ba.

"Kin ji, Iya? Wani ne aka ce. Allah sarki, ko waye?"

Sannan idonta ya sauka a kan takalman da Iya ta rungume. Ita ta ɗinke harshen na hagu da baƙin zare. Wuƙar ta faɗi a cikin kwano. Ba ta yi ihu ba, zama kawai ta yi a inda take, a kan ɓawon albasa, bakinta bai gama rufe dariyar ba.

An binne shi washegari. 'Yan ƙungiya ta biyu sun zo, koci ya zo, mai akori-kura ma ya zo. Daga ofishin kulob ko likkafani ba a aiko ba, balle mutum. A ranar Sakatare yana gidan rediyo, Iya ta ji shi da kunnenta yana cewa sirrin nasarar ƙasa shi ne ƙungiyoyi na biyu, su ne gonar da ake shuka gwaraza, kuma nasu kulob ɗin ya riga kowa gane haka. Mai shirin ya tambaye shi batun jiya. Ya ce ai an ga tashin hankali, amma Allah ya tsare.

Iya ta ɗaura zane ta nufi ofis. Mai gadi ya ce Sakatare na taro. Ta ce ita ma taron ta zo. Ta ture ƙofa ta same shi da masu kafa rumfa, ana shirin wasan murnar da za a yi wa Walƙiya jibi a babban fili. Ya ce mata Iya a yi haƙuri, za a yi duk abin da ya kamata, a bari biki ya wuce kada a dagula wa jama'a farin ciki. Ta ce masa ita ba ta yi boko ba, amma ta san in mutum ya mutu a bakin aikinka, ƙafarka kake ɗauka ka je ka gaishe da iyalinsa.

"Ina tsaye ka buɗe fuskarsa ka yi hamdala. Ni na ji ka, ba wani ya gaya min ba. Ƙofar matar nan za ka zo, ka durƙusa, ka kira sunan mijinta."

Ya ce ta fahimce shi, ba haka yake nufi ba, kowa ya ruɗe ne a lokacin. Ta ce ta fahimce shi sarai, abin da ya hana ta barci ke nan. Mai gadi ya rako ta har titi yana ba ta baki, yana cewa ta tuna da aikinta. Ta ce ya tuna da nasa, ita hannunta ne aikinta kuma da shi za ta tafi.

Ta koma gida tana huci. Rigunan babbar ƙungiya, waɗanda za a sa a wasan murnar, suna ɗakinta a buhu tun shekaranjiya, da wanduna da safa. Ta zazzage su a babban baho, ta zuba ruwa da garin sabulu, ta ɗora faifan katako a kai, ta zauna.

Ranar wasan da hantsi direban kulob ya zo karɓar kaya. Ya leƙa igiyar shanya ya ga wayam. Ta nuna masa bahon da take zaune a kai. Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba. Ya roƙe ta da girman Allah, ya ce shi ɗan aike ne. Ta ce ta sani, shi ya sa za ta aike shi, ya je ya ce wa Sakatare riguna na nan, ya zo da kansa. Ya ce za a kira mata 'yan sanda. Ta ce madalla, su taho da ɗan jarida.

Rana ta take tsaka lokacin da motar Sakatare ta tsaya a bakin layi. Mai aski ya bar mutum da rabin kai ya fito, mai gyaran babur ya rage rediyo, mata suka cika ƙofofi. Waɗannan duk sun yi guɗa da hon ran nan, tun daga lokacin kuwa ba mai iya haɗa ido da ƙofar gidan. Sakatare ya shigo da sabuwar hula da alamar kulob a ƙirji, yana duba agogo. Ya ce Iya, don Allah, ko jiƙaƙƙu ne a ba shi. Ta nuna masa labulen ɗakin Katanga da haɓa.

Ya dubi jama'ar da suka taru, ya dubi bahon. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa. Iya ta miƙa hannu ta ɗage labulen. Matar na zaune a ƙasa, jingine da gado, 'yan'uwanta mata biyu a gefenta. Sakatare ya gyara murya. Ya ce a madadin kulob da shugabanninsa ya zo ta'aziyyar rashin ɗan wasansu, marigayi, marigayi...

Ya tsaya. Ya waiwayi direba, direba ya sunkuyar da kai. Ya ce Katanga, a hankali.

"Wannan na fili ne," in ji Iya. "Wanda uwarsa ke kiransa da shi nake so."

Zufa ta gangaro daga ƙarƙashin sabuwar hular. Katanga ya yi shekaru yana wucewa ta ƙofar ofishin Sakatare yana gaishe shi. Iya da ta zo da sauran magana cike da ciki, ta ji duk ta tsiyaye. Ta ɗauka wulaƙanci ne ya hana shi zuwa. Ashe ko sunan bai sani ba.

Matar ce ta ɗago kai. Ta faɗi sunan mijinta, da na mahaifinsa, a hankali, yadda ake faɗa wa baƙon da ya tambayi hanya. Sakatare ya maimaita, ya kuma sake daga farko. Ya cire hular ya riƙe a hannu, bai tashi ba.

Iya ta saki labulen. Ta sauka daga kan faifan, gwiwoyinta na ƙara, ta ture shi gefe. Ruwan ya yi sanyi, kumfa ta kwanta. Ta tsoma hannu ta ɗauko riga ta farko, ta matse, ruwan ya bi tsakar gida ya wuce ta ƙarƙashin takalman da aka cire a bakin ƙofa.