Lagireton Alhaji Maikano

Dattijo bakanike ya daɗe yana buɗe lagireto a Sabon Garin Wudil, amma bai taɓa jin wari irin na motar Alhaji Maikano ba. Yana kwance murfin ya ja da baya, ya tofar da yawu.

"Alhaji, me aka zuba a nan?"

Maikano, wanda kwangilar siminti ta ɗaga cikin shekara biyu, yana jingine da sabuwar motarsa. Tsohuwar ce ya sa aka turo.

"Ɗanyen ƙwai ne. In tana yoyo direba ya fasa mata biyu, sai ta toshe."

Dattijo ya zare tiyon ƙasa. Wani ruwa mai kauri ya kwararo, ga tsatsa, ga gudajin ruɓaɓɓen ƙwai, har da gansakukar kududdufi.

"Shi ya sa take tafasa tana aman ruwa. Hanyoyin duk sun toshe. Sai an sauke lagireton an wanke an yi masa dalma, a sake bel ɗin fanka da murfi."

"Kai, bar wannan dogon aiki. Yayana Isyaku zan ba kyauta ranar Juma'a, a gaban jama'a. Ta dai kai shi ƙauyenmu Ɗankaza. Ƙara mata ƙwai."

Dattijo ya san Isyaku. Isyakun ne ya sayar da shanun nomansa aka sa Maikano a makaranta.

"Ban da hannuna, Alhaji."

Maikano ya yi tsaki, ya sa aka tura ta wani garejin.

Ranar Juma'a aka miƙa makulli, maroƙa suka yi ta kirari. Motar ba ta wuce gada ba ta fara hayaƙi. Isyaku bai san kan mota ba, ya buɗe murfin da zafinsa, ruwan ya watso masa a hannu da sabuwar riga.

Washegari da shanun aro ya jawo ta garejin Dattijo, hannunsa naɗe da tsumma, ƙudaje na bin bonet.

"Malam Dattijo, a duba mini ita. Yaron nan ya yi ƙoƙari wallahi, kada ya ji ta lalace ransa ya ɓaci."

Dattijo ya ɗaga bonet. Ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ya ɗauko sifana.

"Zauna a inuwa, Malam Isyaku. Mu fara ganin hannun nan tukuna."