Cokali a Bakin Kwalba

"Babu inda ake girmama tsufa a duniya kamar garinmu."

Da wannan na buɗe jawabina ranar Lahadin nan, a kogon alli na gidan giyar shamfen da nake wa aiki, baƙi goma sha biyu riƙe da kofuna suna gyaɗa kai. Kuma ban yi ƙarya ba. A nan tsohuwar kwalba tana da ɗakinta, da mai auna mata sanyi safe da yamma, da mai hana a ɗaga murya kusa da ita. Ni kuwa shekara biyar na yi a jami'a ina koyon yadda ake gaya wa masu hali ɗanɗanon abin da ke cikin bakinsu.

"Kada ku nemi kumfar ƙuruciya a nan," na ce, ina ɗaga kofina zuwa haske. "Tsohuwa ba ta ihu. Zama ake yi da ita, a ba ta lokaci, a saurara."

Wata baƙuwa ta rubuta maganar a littafinta. Wayata ta motsa a aljihu. Sha biyu da rabi. Na san mai kiran.

* * *

Mahaifina, Firmin, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana juya kwalabe a wannan kogon. Dubbai a yini, kowace a murɗa ta kaɗan, har lakar cikinta ta gangaro wuya. Da inji ya karɓi aikin, aka sallame shi da lambar yabo da wuyan hannu wanda ba ya iya ɓalla maɓalli. Mama ta rasu shekara shida ke nan. Gidansa tafiyar minti ashirin ce daga ofishina, amma hanyar tana da wani hali: kullum ta fi tsawo in ni ne zan bi ta.

A ƙarƙashin gidan yana da kwalba guda ta shekarar da aka haife ni, kanta a ƙasa cikin ramin wani katako, lakarta a wuya, ba a taɓa cirewa ba. Kowace safiya sai ya sauka ya murɗa ta, ko da yake ta daɗe da daina bukata.

Ranar Laraba ya kira ni.

"Farfesa, ranar Lahadi zan cire mata laka."

"Baba, me ya yi zafi? Shekara hamsin da biyu take jira."

"Ita tana iya ƙara hamsin. Babban yatsana ne ba zai kai baɗi ba. Ka san aikin, ko a littafi ka gani: a ɓalle murfi, laka ta fita, a danne baki da babban yatsa. Ka makara da ƙiftawa, rabinta na ƙasa."

"A kai ta wurinmu mana, yara su yi maka."

"Yaran da ke daskarar da wuyan kwalba kamar kifi? Allah ya sawwaƙe. Sha ɗaya da rabi zan buɗe, ta ɗan sha iska. Sha biyu ka iso. Ka zo da hancin nan naka mai digiri, ya yi aikin gida sau ɗaya."

"Zan zo."

"Ka dai san ba na sha ni kaɗai. Mai buɗe kwalba shi kaɗai, ko mashayi ne ko ɓarawo."

* * *

Ban manta ba. Kada a ɗauke ni ɗan banza. Baƙin ne suka ji daɗin jawabin, manaja ya riƙe gwiwar hannuna ya ce abincin rana ba zai yi armashi ba sai da ni. Na tura wa Baba saƙo: ina tafe. Baba ba ya karanta saƙo, haruffan sun yi masa ƙanana, ni ma na sani. Aka buɗe kwalba ta biyu, aka buɗe ta uku. Wajen ƙarfe biyar na lura na sha fiye da abin da doka ta yarda a tuƙa mota da shi, ni kuwa mutum ne mai bin doka.

Da safen Litinin na je.

Yana zaune a kicin da rigar da ya sa ranar jana'izar Mama, maɓallin wuya a buɗe. Tebur da farin ƙyalle, burodin jiya, cukun da gefensa ya bushe, kofuna biyu a kife. A tsakiya kwalbar, cike har kafaɗa, da ƙaramin cokalin shayi rataye a bakinta.

Cokalin Mama ne. Ita ce ta yarda cewa cokali yana tsare kumfa, kamar rabin tsofaffin garin nan. Shekara arba'in Baba yana yi mata dariya a kai. Ni ma ina da barkwanci a kansa cikin jawabina, baƙi suna sonsa ƙwarai.

"Baba, cokali?"

"Murfin ƙarfen da zan rufe ta da shi ya ƙi matsuwa. Hannun a buɗewar ya ƙare." Ya ɗaga babban yatsan, ya kumbura ya yi shuɗi. "Amma da ka ga fitar lakar nan! Ko rabin kofi ban zubar ba. Na juya in ce ka gani, sai kyanwa."

"Aiki ne ya…"

"Zauna, Didier."

Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. Na zuba mana. Ruwan ya sauka shiru, launin zuma, ƙwayar kumfa ɗaya ta taso da ƙyar ta mutu a hanya. Na shinshina, na kurɓa, bakina ya kama aikinsa ba tare da ya nemi izinina ba.

"Akwai gasasshen burodi, da busasshen tuffa, da ɗan…"

"Ta mutu, Farfesa. Ba baƙo ba ne ni."

"Jiya yaya take?"

"Ina zan sani? Na dai kara kunne. Har ƙarfe huɗu tana magana."

Ya shanye kofinsa don kada ya ɓata al'ada. Sauran ya juye a tulun da Mama ke haɗa ruwan tsami, ya ce ko a kwaɗon ganye ta yi amfani. Ya wanke cokalin da hannu ɗaya, ya goge, ya mayar aljihun tebur.

Wayata ta motsa. Wasu baƙin ƙarfe goma.

"Je ka," ya ce. "Kada tsofaffinka su jira."

Na kai ƙofa na tuna makullin mota na kan tebur. Da na dawo ba ya kicin, kwalbar ma ba ta nan. Ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe. Daga saman matakala na hango shi cikin hasken ƙwan lantarki guda, ya mayar da kwalbar raminta a jikin katako, kanta a ƙasa, babu komai a ciki. Ya kai hannun dama, ya janye. Ya kai na hagu ya murɗa ta kaɗan.

Na ɗauki makullina a hankali, don kada ya yi ƙara.