Alƙali a Ƙarƙashin Ƙoƙo

Malam Shitu ya kife ƙoƙon a kan tabarma, ya girgiza shi, sannan ya ɗaga bakinsa kaɗan ya leƙa shi kaɗai.

"Maƙeri ya kauce," in ji shi. "Kibiyar 'yan fashi ta soki buhun kanwa."

Inuwa masunci bai ɗago kai ba. Mu'azu tela kuwa ya jingina da bangon zauren, idonsa rabi a rufe.

Shekarun baya wani ɗan bautar ƙasa da aka turo ma'aikatar ruwa ta Tiga ne ya koya musu wasan. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya yi magana da bakinsa, ya zaɓi abin da zai aikata. In abin na da haɗari sai a jefa wata 'yar ƙwaya irin ta ludo, mai fuska ashirin. Babbar lamba tsira, ƙarama halaka. Suka sa mata suna Alƙali. Da baƙon ya tafi, Shitu ya watsar da dodannin da ya zo da su, ya zana hanyar Gwanja a kan takardar buhun siminti, ya ɗora ayarin fatake bakwai a kai. Kowace Asabar bayan la'asar zauren yakan cika. Har liman ya taɓa zuwa ya duba ko caca ake yi. Ya zauna ya saurara, da zai tafi ya tambaya ko jakin da maciji ya sara zai tashi.

Ayarin na nan da mutum bakwai har yau, amma masu wasan saura biyu. Uku aiki da ƙaura suka ɗauke su. Na huɗu Abdulbasit ne, ɗan Shitu, wanda ke Kaduna, sai Sallah yake bugo waya. Na biyar Sha'aibu, aminin Shitu, wanda suka tsufa tare a ɗakin famfo na ma'aikatar ruwa. A asibiti a Kano ya rasu, aka binne shi can tun motar da ta ɗauko su Shitu ba ta wuce Bagauda ba.

Shitu bai cire ko ɗaya daga kan takardar ba. Ga murfin kwalba, ga ƙwallon dabino, ga wani noti mai tsatsa wanda shi ne maƙerin Sha'aibu. Shi yake magana da bakin duka biyar ɗin, ya sauya murya, ya tambayi kansa ya ba kansa amsa, su yi gardama su shirya, masu wasan biyu na zaune suna jiran layi. In Inuwa ko Mu'azu za su jefa Alƙali, a fili suke jefawa. In na waɗanda ba su nan ne, a ƙarƙashin ƙoƙo.

Ya matsa da ayarin zuwa wani layi mai kauri da ya ja da biro.

"Kun iso bakin kogi. Damina ce, ya cika ya batse. Igiya ce kawai aka ɗaura daga wannan gaɓa zuwa waccan."

Mu'azu ya jefa: huɗu. Ruwa ya tafi da jakinsa da kayan da ke kai, shi ya fita da ƙyar.

"Jakina na uku ke nan," ya ce. Ya ɗauki maɓallin rigar da ke matsayinsa ya jujjuya. "Malam, na lura da wani abu. A wasan nan wanda bai zo ba, shi ne ko ƙaya ba ta taɓa shi. Asabar mai zuwa zan yi zamana a shago, ko Allah zai sa in isa Gwanja da dabba ɗaya."

Inuwa ya yi 'yar dariya ta hanci, amma Mu'azu bai yi ba.

"Da gaske nake. Ɗinki na bari na zo. Rabin yamma kana hira da Alhaji Sha'aibu, Allah ya jiƙansa, mu muna kallon bakinka."

"Amin," in ji Inuwa a hankali. Ya juya wajen Shitu. "Kada ranka ya ɓaci. Amma zancen tela na kan hanya."

Shitu ya dubi ƙoƙon. Ya san abin da ya gani a ƙarƙashinsa ɗazu da ya jefa wa maƙeri: biyu ce, ba tsira ba. Ba yau ya fara ba, kuma kowane dare in ya tuna sai abin ya tsaya masa a rai, dattijo da furfura yana ƙarya a kan noti. Ya kuma san yadda zauren yake in Asabar ta wuce: tabarma a naɗe, kaji na shiga suna fita. In waɗannan biyun suka daina zuwa, zai rage shi da muryoyi biyar, ba mai saurare.

Ya ɗauke ƙoƙon ya ajiye a bayansa.

"Maƙeri zai kama igiya," ya ce.

Ya jefa Alƙali a tsakiyar tabarma. Ta gangara, ta bugi gwiwar Inuwa, ta tsaya. Ɗaya.

Daga nesa ana jin ƙugin ruwan da ake saki daga dam. Mu'azu ya miƙe zaune sosai.

"Ta taɓa ƙafata," in ji Inuwa. "Ba ta ƙirgu ba. Sake jefawa."

"Ta ƙirgu."

"Malam, ni ba haka nake nufi ba," in ji Mu'azu.

"Na sani." Shitu ya gyara murya, ya koma muryar labari, ko da yake ba ta fito daidai ba. "Ya kai tsakiya. Guduma da uwar maƙera na ɗaure a bayansa, kun san shi, ba ya yarda wani ya ɗaukar masa kaya. Nauyin ya rinjaye shi. Hannunsa ya saki igiya."

Inuwa ya ɗauki 'yar dalmar komar kamun kifi da ke matsayinsa, ya ɗora ta a kan layin biron.

"To ni na shiga. Ba za mu bar shi a ruwa ba."

"Ya riga ya cika, Inuwa."

"Na ji. Tsamo shi zan yi."

Ya jefa: sha bakwai. Shitu ya ba da labarin yadda ya nutse sau biyu, a na uku ya taso da shi ta wuyan riga. Mu'azu ya ce akwai farin ƙyalle ɗaya da ya rage masa, wanda ya ɗaura a ƙugu, shi zai yanka ya ɗinka. Suka yi shawarar inda za a haƙa, suka zaɓi gindin wata tsamiya a kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa. Suka yi musu a kan wanda zai shiga ramin ya karɓe shi, har Inuwa ya ce wa tela ai hannunsa allura kawai ya iya ɗauka. A ƙarshe dukansu suka shiga. Ba wanda ya jefa Alƙali a kan wannan. Shitu bai yi magana da bakin kowa ba. Ya zauna yana sauraro, karo na farko a cikin shekaru.

"Sauran huɗun fa?" in ji Mu'azu.

"Akwai gari a wannan gaɓar. Sun ce za su zauna su jira ruwa ya janye."

Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya jera a bakin taga. Ƙwallon dabinon Abdulbasit ya sa a ƙarshe, daga wajen da ya fi kusa da ƙofa. Takardar ta yi faɗi, maɓalli da dalma kaɗai a hayin kogi.

Aka kira magariba. Mu'azu ya tsaya yana neman takalminsa.

"Asabar sai a fara da wuri," ya ce. "Kuma a duba mini maganar jaki, ko na haya ne."

Suka yi gaba. Shitu ya naɗe takardar, sai ya ga notin ya rage a kan tabarma. Ba na taga ba ne, ba kuma na takarda ba. Ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya jefa a aljihu ya bi su masallaci. Da ya zauna tahiya, ƙarfen ya tokare masa cinya, bai gyara ba har aka sallame.