Kiɗan da Bai Isa Gusau Ba

Daren jiya na yi wani irin mafarki, har yanzu bakina da ɗaci.

Sana'ata koyar da kaɗa jita ta intanet. Daga ɗakina a Zariya nake jingina waya da gwangwanin madara, ɗalibi ya gan ni in gan shi. A mafarkin ma haka nake zaune, sai dai silin ɗin ɗakin ya koma ƙasa, fanka tana juyawa kusa da idon sawuna.

Gwamma ce a kan waya, ɗalibata ta Gusau. Kiɗa ɗaya tak ya kawo ta wurina, wanda mahaifinta Malam Tanimu yake kaɗawa a samartakarsa. Ciwo ya kwantar da shi, tana so ta kaɗa masa tun yana da sauran ji.

"Malam, saura ƙarshen," ta ce. "Yau Baba ko kunu bai sha ba."

Na ɗora yatsu na kaɗa mata. Ta tsura mini ido.

"Bai iso ba."

Na sake. Hoton ya tsaya cak, yadda yake yi in sabis ya yi rauni. Da ya motsa sai na ga furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Na kuma kaɗawa, hoton ya kuma tsayawa. Wannan karon da ya dawo babu haƙoranta na gaba.

"Ina jira, Malam," ta ce da muryar tsohuwa.

Sai ga ni a ofishin sabis. Wata zabuwa ce shugabar wurin, da tabarau, tana tsattsagar layukan waya a faranti.

"Ranki ya daɗe, kiɗana ba ya isa Gusau."

"Da me ka aika?"

"Da waya."

"Ai kiɗa ba ya hawa waya ranar Talata. Jaki ke kaiwa."

Ta nuna taga da baki. Jakin na kwance a tsakar gida, ƙudaje sun rufe masa ido. An labta masa buhunan gaisuwar mutane, wasu har sun fara wari.

"Wannan ai ya mutu," na ce.

"Hutu dai ya ɗauka," in ji ta, ta ci gaba da tsattsaga.

Na ga ba sarki sai Allah, na kaɗa kiɗan cikin kwanon sha na rufe, na nufi tasha. Motocin Gusau da baya suke tafiya, direba a cikin but ɗin kaya, fasinja na turawa. Na tura da kafaɗa, kwanon a ƙirjina, da ɗumi, yana motsi kamar ɗan tsako.

Daga nesa na hango rumfa a ƙofar gidansu, da tabarmi da butoci, mutane sun yi jugum. Na ɗauka mahaifinta ne ya rasu. Amma da na matsa, Malam Tanimu ne zaune a tsakiya yana karɓar gaisuwa, garau da shi, gemunsa baƙi wuluk.

"Baba, ashe ka tashi? To wa aka rasa?"

"Gwamma," ya ce. "Tsufa ne. Da hantsi ta girme ni, da azahar ta cika. Da ƙyar muka ɓamɓare wayar daga hannunta." Ya dubi kwanon. "Ka zo da shi?"

Na durƙusa na buɗe. Kiɗa bai fito ba. Muryata ce kawai ta fito, siririya: "Kina jina? Gwamma, kina jina? Matsa kusa da taga." Ta yi ta maimaitawa. Jama'a suka shafa, suka ce amin.

Malam Tanimu ya sa hannu a hankali ya rufe kwanon.

"Ba haka nake kaɗa shi ba," ya ce. Ya miƙo mini jitarta. "Tashi ka ƙarasa mata, ɗana. Ba a kai ta ba tukuna."

Tana kwance a zaure, an lulluɓe ta, 'yar ƙanƙanuwa kamar damin kara. Na zauna dab da kanta. Ban taɓa ganinta a fili ba sai ranar. Na gyara yatsuna a kan tsirkiya, na ce, "Kalli hannuna." Na kaɗa.

Wani irin gurnani ya fito daga cikin jitar, ya cika zauren, ya ƙi tsayawa.

Na farka. Ashe injin markaɗen maƙwabciyarmu Iya Lami ne, an tayar da shi da tattasan wani. Rana har ta shigo ta taga. Yatsun hannuna na hagu suna danne da gefen katifa, sun sage, sai da na sa ɗaya hannun na miƙe su.