Ranar da Gidiyon Ya Jefar da Makullai

"Ɗaga wayar kaɗan, Malam Lawan, hasken taga na kashe ta," in ji Gidiyon.

Matarsa Saratu ta ƙara masa matashi a baya, ni kuma na gyara zama a bakin gadon. Laraba ce bayan la'asar, kashi na tara na fim ɗin da Gidiyon yake ciki ya fito. Na riga na leƙa shi ni kaɗai tun da hantsi, na san abin da ke ciki.

Bango ɗaya ne tsakanin shagon ɗinkina da ɗakin hayarsu a Sharaɗa. Shekara ashirin da uku Gidiyon yana akawun sito a wani kamfanin jima a Challawa, ban kuwa taɓa ganin wanda ya tsani aikinsa kamarsa ba. Kullum sai ya dawo da warin fata a jiki, ya tsaya ƙofar shagona ya ce, "Gobe zan ajiye musu." Goben nan tana nan zuwa har aka aurar da 'yarsa Dabora.

Bara 'yan fim suka ari ofishin kamfanin wata Lahadi, za su yi barkwanci kan ma'aikata. Gidiyon aka sa ya je ya buɗe musu bayan coci. Wani ɗan wasa bai zo ba, darakta ya dubi biron da ke aljihun Gidiyon ya ce ai ga akawu Allah ya kawo. Aikinsa ɗaya ne: ya shiga wurin manaja, ya jefa makullai kan tebur, ya ce ya bar aiki. A kan teburin manajansa na gaske kuwa!

"Sau huɗu aka ɗauka," ya gaya wa duk layinmu. "Na biyar ni na roƙa."

Daga baya tari ya kama shi. Aka yi ta asibiti har likita ya ce a koma da shi gida. Fim ɗin kuma ya fara fita a waya duk Laraba, darakta ya ce wurin Gidiyon yana kashi na tara. Gidiyon ya koma zaman jiran Laraba. Tun a kashi na bakwai ya daina karɓar abinci.

"Fim ɗin nan ne ke riƙe da shi, ba magani ba," Saratu ta ce mini a bakin famfo.

Yanzu ga shi ya zo. Ƙofa ta buɗe a cikin wayar, Gidiyon ya shigo da ƙibarsa ta da, ya wurga makullai har suka ture kofin shayi.

"Ranka ya daɗe, ga tsiyarka nan. Na bar aikin!"

Gidiyon na kan gado ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, ya ci gaba da dariyar a haka. Saratu tana tafi tana hawaye. Nan na kai yatsa zan tsayar.

"Shi ke nan fa, Baban Dabora. Sauran duk shirme ne."

Ya kama wuyan hannuna. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

"Bari in ga fitata."

Ba fita. Hoton ya yi dishi-dishi, sai ga Gidiyon a kujerarsa ta sito, kai a kan fayil, baki buɗe, yana barci. Ashe sun ɗauke shi bai sani ba, yana gyangyaɗin jiran su gama ya kulle ofis. Suka haɗa abin ya zama mafarki. Manajan fim ya daka tsawa, aka sa kiɗan nan na shashanci, aka wuce wani wurin. A ƙasa mutane sun cika shafin da alamar dariya.

Wallahi da daraktan yana kusa da na ci kwalarsa. Amma ni ma da laifina, da na ce caji ya ƙare ai da an wuce wurin.

Gidiyon ya saki hannuna. Ya daɗe yana kallon rufin kwano.

"Ba su yi ƙarya ba," ya ce.

"Wasa ne fa, Baban Dabora," in ji Saratu.

"Saratu, hutun jinyar da suka ba ni yaushe zai ƙare?"

"Lahadi."

"To ki goge mini farar rigata ta aiki."

Ya juya fuska bango. Ranar Juma'a da hantsi ya cika. Asabar 'yan cocinsu suka zo da mota aka tafi da shi garinsu a kudancin Kaduna, na raka su har titi.

Ran Litinin ina buɗe shago motar ma'aikatan kamfanin ta tsaya a bakin layinmu. Babu wanda ya gaya wa direban. Ya danna ham sau biyu, ya ɗan jira yana leƙen lungun, sannan ya ja suka tafi.