Yayen Irmiya

Bazarar shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin ƙarin albashi na Udoji ba ta zo da wasa ba. A Badarawa duk mai wutar lantarki ya sayi fanka, wanda ba shi da ita kuma ya sayi rediyo ya zauna yana jin labarin zafin da yake ciki. Rifkatu tana cikin masu rediyo. Ɗakinta ɗaya ne a wani gidan haya na bulo, rufin kwano ba silin, taga guda. Da hantsi kwanon zai fara ƙas-ƙas, kafin azahar man shafawa ya narke a kwalba.

Mijinta Bitrus soja ne, an tura su Makurdi tun kafin Kirsimeti, ya bar ta da yara uku da aikin buga tafireta a wani ofis a cikin gari. Hannatu tana aji ɗaya a makarantar coci, Sama'ila kuma yana binta ɗan rakiya, malamar ta kau da kai. Irmiya ne abin tunani, don bai cika shekara biyu ba, kuma yana shan nono. Ƙanwarta Maryamu da ke riƙe mata shi ta koma garinsu Zonkwa da bikin Ista, aure ya kira ta, ba wanda zai ce ta yi laifi.

Tun asuba Rifkatu take layin famfo. Ta yi wa yara wanka, ta barbaɗa musu hoda a kan ƙurajen zafi har su koma kamar an tsoma su a gari, ta dama koko, ta jiƙa tsohon zani ta rataye a taga ko iskar da za ta shigo ta yi sanyi. Kafin ta ɗaura ɗankwali zanen ya bushe. Sauran 'yan hayar gidan gwauraye ne, gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Sai ta yini ta kwana ba ta yi hira da babban mutum ba, abin yana cin ranta, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Bayan katangar ɗakinta akwai wani tsohon gidan ƙasa, a nan Tani take. Mijinta Sambo ɗan cin rani ne daga Malumfashi, yana lebura a wajen gine-gine, in ruwa ya sauka su koma gona. Ɗakin Tani soro ne a ƙarƙashin darbejiya, randarta a binne cikin jiƙaƙƙen yashi, ruwan ciki har sai ya taɓa haƙori. Haihuwarta biyu, ba wanda ya zauna. Da Rifkatu ta roƙe ta ta riƙa duba mata Irmiya da safe, Tani ba ta bari ta ƙarasa maganar ba, sai ta miƙo hannu.

Haka aka fara. Da rana tsaka Rifkatu za ta sulale daga ofis, ta hau bas, ta taka sauran hanyar a ƙasa kwalta tana kama mata takalmi, ta ba yaron nono a tsaitsaye, ta koma. Shugaban ofis ya yi mata magana sau ɗaya cikin sanyi, na biyun da ɗan zafi. Sai kuma zawo ya kama Irmiya, idanunsa suka faɗa. Tani ta ce ba wani abu ba ne, nonon ne rana take dafawa a hanya kafin ya iso bakinsa. Rifkatu ta yi makaranta, ba ta yarda da wannan sosai ba, amma gajiya ta riga ta yarda a madadinta.

"Uwar Hannatu, yaye shi za a yi," in ji Tani. "Ki bar mani shi. Amma fa kada shi gan ki, kada shi ji muryarki. In ya ji, aiki ya koma baya."

A Zonkwa kaka ce take yaye, amma uwar Rifkatu tana nesa, kuma ba hutun kai shi. Rifkatu ta haɗa 'yan rigunansa da gwangwanin madara ta miƙa.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma katanga ba ta tare kuka. Da la'asar in ta dawo aiki sai ta ɗaure ƙirjinta da zani tamau saboda nonon da ya cika yana zogi, ta zauna ta jingina da bulon da ya sha rana, tana jin yaron yana kiran Mama har muryarsa ta dishe. Ta koya wa Hannatu da Sama'ila raɗa. Ta daina waƙar coci da take yi in tana wanke-wanke, ta rage rediyo, ko tari ya zo mata sai ta toshe baki. Hanyar tashar bas ma ta canza, ta riƙa zagayawa ta bayan mai itace don kada ta bi ta ƙofar gidan Tani.

Sannu a hankali kukan ya ragu, ran nan ya ɗauke. Abin da ya maye gurbinsa dariya ce, da ƙarar ludayi a ƙwarya, da muryar Tani tana yi masa tawai. Gaskiyar magana, Rifkatu ta samu sauƙi. Ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba, aikinta ya daidaita, shugaban ofis har ya yaba. Wannan sauƙin ne ya fi ba ta kunya. Hannatu, wadda ke kai madara, takan dawo da labari: zawo ya tsaya, ƙurajen sun baje, Irmiya yana cin tuwo da miyar kuka, ya iya cewa ruwa. Uwar sai ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Daga nan ta shiga jira. A gidansu, in yaye ya kammala, kakar ce take goyo yaron ta kawo shi har ƙofa, uwa ba ta zuwa tambaya, don sai a ce ba ta amince da riƙon ba. To ina ga Tani, baƙuwar da ta yi mata abin da dangi ba su yi ba? Rifkatu ba za ta ci mata fuska ba. Kullum da yamma sai ta share ƙofa ta yayyafa ruwa, ta ajiye kujera 'yar tsugunne, ta zauna da kunne a hanya. Mai mangwaro ya wuce, mai kananzir ya wuce. Watan ya mutu, wani ya kama, zafi ya ƙara tsananta har kaji suna tafiya baki buɗe, Tani ba ta zo ba. Wani lokaci zuciyarta takan ce mata an ƙwace mata ɗa ne, sai ta tuna randa da inuwar darbejiya, ta dubi kwanon da ke kanta, ta ce ai can ya fi masa.

Ruwan farko ya zo ran wata Juma'a da yamma, da iska mai ɗaga kwano. Sama'ila da Hannatu suka tuɓe suka fita suna tsalle a tsakar gida. Rifkatu ta jera bokitai a bakin indararo, ƙamshin ƙasa ya cika mata hanci, ba ta kawo komai a ranta ba. Ta manta abin da ruwan farko yake nufi ga 'yan cin rani.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Tani ce a lulluɓe da mayafi, karon farko da ta taka gidan, ga Sambo can waje da ƙunshin kaya a kai yana jiran su kama hanyar tashar Kawo. A bayanta ga Irmiya, an yi masa aski, an sa masa kwalli, kumatu sun ciko. Rifkatu ta miƙe. Bayan gaisuwa Tani ta sunkuyar da kai.

"Na yi ta jiran ki aiko. Yaye kam tun makon farko ya ƙare. A wurinmu wadda aka ba yaro ba ta maido shi da kanta, sai a ce ta gaji da shi."

"Ni ma ke nake jira," in ji Rifkatu. "A wurinmu uwa ba ta zuwa tambaya."

Suka dubi juna. Da a wani abu ne daban, da sun yi dariya har da tafawa. Tani ta kwance goyon ta sauke shi, Rifkatu ta durƙusa ta buɗe hannu ta kira sunansa. Yaron ya dube ta irin kallon da ake yi wa mai allura, ya juya ya cusa fuska a ƙafafun Tani. Da aka ɓamɓare shi sai ya sandare ya ƙwalla ƙara. Sambo ya yi gyaran murya a waje, mota ba ta jiran kowa.

Tani ta naɗe zanen goyon da majanyin ta ɗora wa Rifkatu a kafaɗa.

"Ki goya shi da wannan. Warinshi ya sani."

Ta ja mayafi ta fita ba ta waiwaya ba, sai a kwanar mai itace Rifkatu ta hango ta tana goge fuska da gefen mayafin.

Irmiya ya yi ta miƙa hannu wajen ƙofa yana kiran Inna. Kukan nan Rifkatu ta san shi farin sani, shi ne wanda ta saurara ta bayan katanga, yau ga shi a hannunta kuma ba ita ake kira ba. Ta ba shi ruwa ya ture, ta ba shi biskit ya jefar. A ƙarshe ta saɓa shi a baya ta ɗaure da zanen Tani, mai warin hayaƙin itace da man shanu, ta fara zagaya tsakar gida a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yaron ya cusa hanci a zanen, kukan ya koma shessheka, kansa ya yi nauyi a tsakanin kafaɗunta.

Waƙar da take yi masa tun yana jariri ta taso mata har maƙogwaro. Hannatu ta matso za ta yi magana, uwar ta ɗora yatsa a baki. Ta haɗiye waƙar ta ci gaba da jijjiga shi shiru, kada ya ji muryarta ya gane ba Tani ba ce.