Gilashin da Aka Manna a Bango

Tsagar ta fara ne daga ƙarƙashin tagar ɗakin mai ɗinki, a hawa na uku, ta gangara ta bayan keken ɗinkinta har daɓe. Shekara biyu kalanda na rufa mata asiri. Ranar da ma'aikacin duba gidajen haya ya zo daga hukumar birni, yana gama leƙa wayoyin wuta da bututun ruwa sai ya ɗaga kalandar, kamar wanda aka yi wa raɗa.

Mutumin ba mai surutu ba ne. Ya kwaɓa ɗan siminti a murfin gwangwani, ya ciro siririn gilashi mai tsawon yatsa, ya manna shi a gicciye a kan tsagar. Ya ce sai bayan mako uku. In ya tarar da gilashin lafiya, tsohuwar tsaga ce, a cike ta a ci gaba da zama. In ya karye, ginin na motsi ke nan, kuma duk masu hayar sai sun tashi.

Shekararta ashirin da shida a ɗakin. Nan mijinta ya rasu, nan masu kawo ɗinki suka san ta, nan 'yarta ke kawo mata jaririya kullum da safe kafin ta wuce aiki. In aka tashe ta ba ta san inda za ta dosa ba, tsoro kuwa ya kama ta sosai.

Rana ta tara, tana shara, ta ga gilashin ya rabu biyu.

Kafin ka ce kwabo labari ya zaga benen. Maƙwabta suka cika ɗakin, kowa ya zama injiniya. Mai gyaran tagogi na hawa na ƙasa ya ce ai gilashi gilashi ne, ba shi da baki balle ya kai ƙara. Sai dai na shagonsa duk masu kauri ne. Aka dudduba, aka rasa siriri irin na ma'aikacin sai wanda ke rufe da hoton marigayi. Ita da kanta ta sauko da hoton. Mai tagogi ya yanko uku daga jikinsa, ya manna ɗaya, ya shafa masa ƙura don ya tsufa.

Wannan ya yi kwana shida ya karye. Na bayansa kwana uku. Na ƙarshen sai suka riƙe shi, suka manna ana jibi ma'aikaci zai dawo. Gutattsarin kuwa ta zuba su a gwangwanin maɓallai, don mai ɗinki ko ƙyalle ba ta iya yarwa.

Ma'aikacin ya zo da hantsi. Ya durƙusa, ya haska gilashin da tocila, ya ƙwanƙwasa shi da farce. Ya ce bango ya ci jarrabawa, ya sa hannu a takarda. Da zai fita ya tsallake katifar da jaririyar ke barci a kai, daidai gindin bangon.

"Mama, kada ki tashe ta," in ji shi. "Babu abin da zai same ta a nan."

Ta yi godiya. Ta zauna a kan keke ba ta taka ba. Tara, shida, uku. Shekara arba'in tana ɗinki, ta san yadda zare ke yi in ya fara warwarewa, ba ya rage gudu.

A kan matakala ta cim ma ma'aikacin, mai tagogi na yi masa rakiya da fara'a.

"Ɗana, dawo, ba ka gama ba."

Ta juye gwangwanin a kan teburin keke, ta ware gutattsari shida daga cikin maɓallai, ta faɗa masa kwanakin kowanne. Bai yi mata faɗa ba. Ya soke sa hannunsa da biro, ya ce ta fita da yarinyar yanzu, kaya a kwashe daga baya.

Ta goya jikarta, ta ɗauki hoton da ba shi da gilashi. Maƙwabta na tsaitsaye a ƙofofinsu tun daga hawa na uku har ƙasa. Ta yi wa kowannensu sannu, ba wanda ya amsa.